Baba Mai Tuta da Takalman Baƙi

Kowace safiya, da an idar da sallar asuba, Baba Mai Tuta yakan fito daga ɗan ɗakinsa na bakin layin dogo da tsintsiya a hannu. Yakan share tsakuwar da motoci suka watso kan ƙarfe, ya zuba baƙin mai a gindin shingen da yake saukewa idan jirgi zai wuce, ya gwada shi sama da ƙasa, sannan ya warware tutocinsa, ja da kore, ya jingine su a bakin ƙofa. Aikin da aka ɗauke shi ya yi ke nan, kuma ya yi shi tun ban san dama da hagu ba har zuwa wannan wata da ya ajiye aiki. Amma akwai wani aikin da ba wanda ya sa shi. Idan ya gama da shinge sai ya koma ɗaki, ya ɗauki tsumma, ya bi takalman da ke rataye a bango ɗaya bayan ɗaya yana goge musu ƙura.

Ba nasa ba ne. Kafin jirgi ya iso mararrabar da Baba yake tsaro akwai wata kwana da tarago yake karkata sosai. Masu hawa saman tarago, waɗanda suka yi doguwar tafiya barci ya ci ƙarfinsu, a nan suke zamewa. Sau da yawa baƙi ne, ba wanda ya san inda suka fito. 'Yan sanda su zo, su laluba aljihu, su tarar ba ko takarda, su jira iya abin da za a iya jira, sannan su ce a yi wa mutum sutura. Baba ne yake kiran liman, shi yake neman likkafani gida-gida, shi yake haƙa kabari a wani fili da ke bayan ɗakinsa. Tufafin ba sa ajiyuwa, fuska kuma ba kullum ake gane ta ba. Sai ya ce a bar masa takalmi. Ya buga ƙusa a bango ya rataye, ko wata rana wani zai zo tambaya.

Mu yara ba haka muka fahimta ba. Gidanmu yana bayan layin, kuma a unguwarmu kowane yaro ya san cewa jirgi ba ya tafiya sai an ba shi jini, Baba Mai Tuta ne kuma yake ba shi. Takalman nan su ne shaida. Idan an tashi daga makaranta da rana tsaka, lokacin da hanya take yin tsit, ƙarfen dogo yana ta walƙiya, sai mu zuga juna mu leƙa tagarsa. Ɗakin yana da duhu, yana warin mai da tsohuwar fata. A bango ga silifas, ga na roba, ga sau-ciki, ga wani na yaro, ƙafa ɗaya, ba ɗan'uwansa. Wata rana muna cikin leƙe sai suka fara motsi. Babu iska, ganyen bishiya ko ɗaya bai girgiza ba, amma takalman nan duka suna lilo a hankali, dugadugansu suna ƙwanƙwasa bango, ƙwas, ƙwas, kamar mutane na tafiya a kan siminti. Muka kasa gudu. Sai da aka daɗe sannan muka ji kukan jirgi daga can nesa.

Yanzu nakan koya wa ɗalibaina cewa motsin jirgi yana riga ƙararsa isowa ta cikin ƙarfe da ƙasa, kuma ɗakin Baba a jikin layi yake. Haka ne. Amma har gobe idan na tuna ƙwanƙwasar nan, tsigar jikina takan tashi.

Manya ma ba su bar shi ba. Mai shayin da ke tsallaken shinge kullum sai ya tsokane shi.

"Baba, yaushe za a yi gwanjo ne? Akwai wani baƙin sau-ciki can sama, daidai ƙafata."

"Zo ka gwada mana," in ji Baba. "Amma mai shi yana nan bayan ɗaki. In ya zo karɓa, ƙofarka zan nuna masa."

"A'a, na yafe! Ƙafata ma ta kumbura."

A yi dariya, Baba ya sha shayinsa ya koma. Maƙwabta kuma sun sha jin sa idan ya buɗe ƙofa yana ce wa takalman, "Sannunku da haƙuri. Yau ma ba a zo ba."

Wasu lokuta ana zuwa. Mahaifina ya ga wani dattijo da ya sauke takalmin ƙaninsa ya rungume, Baba ya riƙe masa hannu har bakin kabarin, domin ya san wanne ne na wa, bai taɓa rikicewa ba. Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce matar da muke kira Mai Lema.

Ina aji uku ta fara zuwa. Doguwa ce, da baƙar lema, ba ta da yawan magana. Ɗanta ya hau jirgi neman aiki, bai isa inda ya ce za shi ba, bai kuma dawo ba. Ta bi tasha-tasha tana tambaya har aka kwatanta mata ɗakin Baba. Ta shiga, ta daɗe, ta fito ta ce ba ya ciki. Ta roƙi ruwa a gidanmu. Tana sha, ruwa yana zuba a zaninta.

Da ta tafi, mahaifiyata ta ce wa mahaifina, "Matar nan ta ga takalmin ɗanta."

"To me zai sa ta ce ba ya nan?"

"Domin ranar da ta ce ga shi, ranar ya mutu."

Shekara ta zagayo, sai ga ta da lemarta. Haka ta riƙa yi kowace shekara. Baba ya shimfiɗa mata tabarma a cikin ɗaki, ya fito ya ja ƙofa, ya zauna a waje. Idan ta fito sai ta ce, "Ba ya nan, Baba." Shi kuma ya ce, "To, Inna, Allah ya bayyana." Ta kawo masa goro ko sabulu, ya karɓa. Na gama makaranta, na fara koyarwa, na yi aure, 'ya'yana ma suka san Mai Lema. Lemar ta koɗe, ta zama sanda.

Kai ne, Baba, ka san gaskiya duk tsawon wannan lokaci, kuma ba ka taɓa cusa mata ita ba. Kai ne ka riƙa cire ciyawar kabarin da uwarsa ba ta yarda akwai shi ba. Mai tsaron masu wucewa, mai tsaron waɗanda ba su wuce ba. Da wani ne, da ya gaji ya ce, "Baiwar Allah, ga shi nan, ki yi haƙuri." Kai kuwa ka bar ta ta zo da ƙafarta.

A bana aka faɗa wa Baba cewa lokacin hutunsa ya yi, za a sa shinge mai sauka da kansa, ɗakin kuma za a rushe shi. Abin da ya dame shi ɗaya ne: Inna ba ta zo ba tukuna, ƙarfinta kuma ya ƙare, shi ma idonsa ya fara hazo. Idan aka kwashe takalman, ko tsakanin shi da Inna ɗaya ya riga ɗaya tafiya, ba mai haɗa ta da ɗanta. Bai san garinsu ba, domin bai taɓa tambaya ba. Ya roƙi masu rushe ɗakin su ɗaga masa ƙafa, suka ɗaga. Kullum yana zaune a bakin ƙofa yana duban hanya.

Ta zo wata ranar Laraba, jikarta tana riƙe da ita. Ina wurin, da liman da wasu maƙwabta, muna taya Baba haɗa kaya. Wannan karon bai fita ya bar mata ɗakin ba.

"Inna," ya ce, "ɗakin nan ya kusa faɗuwa. Ni ma haka."

Ta dubi bango, ba ta nemi komai ba, ta miƙa sandarta kai tsaye ga wani takalmin fata da aka ɗinke maɗaurinsa da shuɗin zare. Baba ya sauke mata. Ta shafa ɗinkin da babban yatsa.

"Ni na ɗinka masa. Na ce ya bari a sayi sabo, ya ce sai ya samu aiki." Ta ɗaga kai. "Ka sani, ko?"

"Tun zuwanki na farko. Kin taɓa kowane takalmi a ɗakin nan, ban da wannan."

"An yi masa salla?"

"An yi. Sahu biyu. Ni na sa shi a ƙasa da hannuna."

"To, kai ni."

Suka fita, tsoho da tsohuwa, suna dafa juna a kan tsakuwa. Ta zauna a gefen kabarin, ta ajiye takalmin a cinyarta, ta kira sunansa sau ɗaya da ƙarfi, irin kiran da uwa take yi wa yaro idan abinci ya sauka.

Baba, mun gode. Mun ji tsoronka muna yara, mun yi maka ƙarya, mun gudu idan ka miƙo mana alewa. Ka yafe mana. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa ka samu mai tsaya maka kamar yadda ka tsaya wa mutanen da ba ka ko san sunansu ba.

Sauran takalman suna ɗakin ajiya na masallacin unguwa, Baba kuma ya zaga da matasa ya nuna musu wanne ne na wane kabari. Ku kuma masu karatu, ba sai kuna aiki a layin dogo ba. Duk inda kuke, a asibiti, a tashar mota, a bakin kasuwa, idan baƙo ya faɗi a gabanku, ku dube shi da kyau, ku riƙe wani abu nasa, ku san inda aka kai shi. A wani gari akwai uwar da take ɗaura zani yanzu, za ta fito tambaya.