Ranar da Aka Kwance Mini Goyo

'Yan'uwa, sama da shekara arba'in maganar nan na cina a rai. Yau dai zan amayar da ita.

Muna wani ƙauye kusa da Kafur, tun muna cikin jihar Kaduna. Na tashi daga zazzaɓin taifot ina goyon 'yata Rahila, sai tafiyata ta lalace. In nufi ƙofa, in tsinci kaina a jikin danga.

A garinmu mai tangaɗi fassara ɗaya gare shi, burukutu. Ni Saratu, 'yar Zumuntar Mata! Har bakina aka sansana a ƙofar coci.

Ran nan na faɗi gefen murhu da Rahila a bayana. Saura ƙiris ta ƙone. Inna, uwar mijina, ta zo ta kwance majanyin da hannunta.

"Ba na bar wa mashayiya jikata. Kin gama goyo."

Nono kaɗai ake kawo mini ita ta sha, Inna na tsaye a kaina. Allah ya sani, wannan ya fi ciwon ciwo.

Mijina Bitrus ya sayar da bijimin huɗarsa. A babur zuwa Malumfashi, da zane ya ɗaure ni a bayansa don kar in zame. Daga nan muka hau mota sai asibiti a Zariya.

Aka ɗebi jini, aka soka mini doguwar allura a gadon baya, aka manna mini wayoyi a ka. Likita ya ce in taɓa hancina, na tsokale ido. Ya ce in bi layin siminti, sai nas ce ta tare ni.

Na ce, "Likita, ƙafafun sun mutu ko?"

"Ƙafarki lafiya lau. Wani sashe ne na ƙwaƙwalwa nan wajen ƙeya ke daidaita mutum in yana tafiya. Shi zazzaɓin ya taɓa."

"Zan sake goyo?"

Ya ce, "Ba zan yi miki alkawari ba. Amma ƙwaƙwalwa na sake koyo in an dage."

Da muka dawo gida, Bitrus ya gaya wa Inna abin da likita ya ce. Duk da haka ba ta mayar mini da goyon ba.

Ya ɗaure mini igiya daga rumbu zuwa ƙofar ɗaki. Kullum ina bin ta, ina faɗuwa, gwiwoyina duk sun saɓule. Da na ɗan daidaita, sai na fara goya ƙullin masara.

Bayan kaka na ƙetare tsakar gidan ba igiya. Inna ta ce, "Saratu, sauke masarar nan."

Ta ɗora mini Rahila, ta ɗaure majanyin da kanta. Yarinyar ta yi nauyi, ban ma san lokacin da ta girma haka ba.

Na gode wa Allah, na gode wa Bitrus, Allah ya ji ƙansa. In kun ga mutum na tangaɗi, don Allah kar ku sansana bakinsa, ku kai shi asibiti.

Rahilar ce ke rubuta mini wannan a wayarta. Sai yau ta ji labarin, ga ta nan tana kuka.