Kwalbatin da Muka Kai wa Rafi

A shekarun da nake neman aure, babban abokin gabana rafi ne. Yana nan tsakanin ƙauyenmu da na su yarinyar da nake so, a hanyar Dogon Dawa. Da rani ko akuya ba ta ganin girmansa, amma da damina ta kankama sai ya cika ya batse, babur ɗina ya tsaya a gaɓa yana huci. Wani tela kuwa da ke tsallaken, mai neman yarinyar shi ma, kullum da yamma yake zuwa zance ƙafarsa a bushe. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Rannan kansilanmu ya zo da albishir: majalisa ta amince da kasafin kuɗi, kuma kwalbatin rafinmu na ciki. Don murna har shayi na saya wa mutanen da ba ma ko gaisawa.

Ɗan kwangila ya zo da rani ya yi aikinsa tsaf, har da fenti fari da baƙi. Sai dai can tsallake ya gina shi, a busasshiyar ƙasa, nesa da rafin kamar jifa da dutse.

Na ce masa, "Yallaɓai, ai ruwan ba ta nan yake bi ba."

Ya ce, "Malam, kwalbati aka ce in yi, kuma ga shi. Karkato da rafi yana cikin kasafin baɗi."

Ni kuwa ba ni da baɗi, don telan har ya fara kai wa uwar yarinyar ɗinki kyauta. Sai na kira gayya. Na ce wa samari tunda gwamnati ta ƙi kai wa rafi kwalbati, mu sai mu kai wa kwalbati rafi. Innata ta dama kunu, muka fita da diga da shebur, har da ɗaliban wani malamin coci na ƙauyen su yarinyar. Muka haƙa hanya tun daga gaɓa har ƙarƙashin kwalbatin, hannuna duk ya yi kanta.

Da aka yi ruwan sama na farko mai ƙarfi, muka tsaya a gaɓa muna kallo. Ruwa ya bi hanyarmu, ya shige ƙarƙashin kwalbati, muka ɗauki ihu. Can wani tsoho ya taɓa ni ya nuna mini gabanmu. Ashe rabin ruwan ne ya tafi, sauran yana nan a tsohuwar hanyarsa. Rafi ɗaya ya zama biyu. Sabon kuma da ya fito daga kwalbati bai tsaya ko'ina ba sai gonar masarar baban yarinyar.

Da ruwa ya janye na haye, na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni ya ce, "Sannu, ɗana. An ce kai ne injiniyan?"

Har gobe ina cewa laifin rafin ne, mu mun yi aiki mai kyau.

Bayan kaka aka ɗaura aurenta da telan. Da aka rasa wuri mai kyan gani na ɗaukar hoto, sai aka hau kan kwalbatin, ango da amarya suka jingina da fentin nan fari da baƙi. Ni aka roƙa na ɗauko mai hoton daga Birnin Gwari a babur ɗina, tunda rani ne, hanya a bushe take.