DJ ɗin Bikin Najiba

Mamuda mai gyaran rediyo bai san sunan saurayin ba. An dai ce DJ ne, daga Funtua aka ɗauko shi don bikin Najiba a Ƙarfi. Ga shi can ƙarƙashin rumfa da la'asar, siriri, da baƙin tabarau, abin sauraro maƙale a kunne ɗaya. Yana murɗa maɓallan na'urarsa, yana cije leɓe, yana yarfe gumi kamar wanda ya wuni yana huɗa.

Shekara talatin Mamuda yana buɗe cikin rediyo, don haka ƙasan tebur idonsa ya fara sauka. Igiyar wutar na'urar tana reto, ba a jona ta da komai ba. Daga wata wayar hannu da aka lulluɓe da hankici sautin yake shiga lasifika. Wani ne can ya zauna a situdiyo ya haɗa kiɗan, wannan kuwa rawar kai kaɗai ya kawo. Mamuda ya tabbata a gaban madubi ya koyi sana'ar, ko gwangwani aka miƙa masa ba zai iya kaɗawa ba.

Kakar amarya ta dogara sanda ta iso gabansa.

"Ɗan nan, sassauta kiɗan, ka ambaci sunan jikata in taka."

"An gama, Hajiya!" in ji shi, ya murɗa wani maɓalli har da lumshe ido.

Ba abin da ya sauya. Mamuda ya ja tsaki. Tsohuwar kuwa ta gyara mayafi, ta karkata kunne wajen lasifika, tana jira.