Kwamfutar da Ta Tsani Yaya Hajara

"Taɓa ta ka gani," in ji yayata Hajara, ta turo mini kwamfutarta ta hannu. Na taɓa, tana aiki lafiya lau. Ita tana ɗora hannu, allon ya yi baƙi ƙirin.

Malamar makaranta ce, kuma ranar Juma'a za a rufe shigar da sakamakon ɗalibai. Sau biyu na kai kwamfutar wurin wani mai gyara a Madalla. Ya share fanka, ya gwada batir, ya ce ƙalau take. A karo na uku na tafi da Yaya.

Tana taɓawa, kwamfutar ta mutu. Mai gyaran ya ƙura wa hannunta ido.

"Hajiya, wannan awarwaron fa?"

"Na hawan jini ne. A motar Abuja na saya."

"Akwai maganaɗisu a ciki. Da kin matso da shi, sai kwamfutar ta ɗauka an rufe murfinta."

"To, ita ta rayu, ni in mutu?"

Jiya ta kammala aikin, awarwaron yana ƙafarta. Saura wanda zai gaya mata ta koma shan maganin likita. Akwai mai ƙarfin hali a cikinku?