Telan da Ba Ya Yar da Ƙyalle

Papa Ahuwansu bai iya yar da komai ba, bai kuma taɓa ɓoye wannan halin ba. Aljihunsa cike yake da ƙyallaye, da gani tsohon tela ne. Yana koyon kartar foka a wani ɗakin caca a bayan kasuwar Dantokpa ta Kwatano, riƙe da katinsa kowa na gani: takwas da uku. Mai hankali ajiyewa zai yi, ya jira wani rabon.

"Papa, shara ce, yar da ita!" in ji matar da ke rabawa.

Ya ƙi yarwa, ya zuba kuɗinsa, aka cinye shi. Keken ɗinkinsa kaɗai ya rage, wani mai son saye na tsaye a bakin ƙofa.

"'Yata, raba," ya ce. "In katunan sun zo munana, ki ƙwace su daga hannuna. Ni ba zan iya saki ba."