Baƙin Yashin Da Ya Ƙi Wuta

Wata Laraba da hantsi, cikin ranin 1951, kakana Tanko ya hura wuta a bayan rumbunanmu a Riruwai, rabin unguwa na tsaye suna kallo. Tsohon ya daɗe yana cika wa mutane kunne cewa da samartakarsa, kafin kamfanonin Turawa su zo, su da kansu suke narka kuza, su tsiyaye ta cikin ramukan da suka huda da tsinke a toka, ta fito siririya, fara sol. Samarin da ke haƙa wa kamfani kuwa dariya suke masa. Su dai sun san a wanke baƙin yashi, a ɗura a buhu, mota ta kwashe. Ni ce 'yar lelensa, yana kirana amarya, ina ce masa angon da ba haƙori. A gaban kowa ya yi alkawarin zai ƙera mini awarwaro da kuzar da ya narka da hannunsa.

Ya gina dogon murhu da ƙasar gara, ya sa aka ƙona gawayin ƙirya, aka aro zugazugi a maƙera. Yashi mai kyau duk na kamfani ne, saboda haka baffana Sale ya ɗebo daga tsibin da ake zubarwa bayan an tace. A ido duk ɗaya ne, baƙi mai nauyi, ga shi idon Kaka ya soma dushewa. "Zafi kaɗai ba ya fito da ita," in ji Kaka, "sai gawayi ya janye abin da ya riƙe ta." Mu yara muka watsar da surfe da 'yar carafke, maza suna karɓa-karɓar zuga har la'asar. Da aka fasa murhun, ba abin da ya fito sai kashin maƙera da yashin nan kusan yadda aka zuba shi. Wani ya ce, "Baba, ko dai a mafarki kuka yi?" Kaka bai sake tada zancen ba har ya rasu da damina.

Sai da na yi jikoki ɗana ya bayyana mini cewa yawancin tsibin nan ba kuza ba ce, wani dutse ne daban wanda wutar gawayi ba ta iya raba shi da ƙarfensa. Da an ba tsohon kuza ta gaskiya, da ta zubo. Yanzu ramukan sun cika da ruwa, shanun Fulani ke sha a ciki. Waɗanda suka yi dariyar duk sun riga ni tafiya, ba ni da wanda zan gaya wa.