Malt da Madara a Bakin Gadon Mai Tarin Fuka

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Wasunku kan tambaye ni me ya sa nake tsayawa in huta a tsakiyar bene. Na fi shekara talatin ina kauce wa amsar.

Ranar Talata ce da hantsi, cikin damina, farkon shekarun casa'in. Ina tsaye a tashar Kawo ina jiran bas, zan kai takardun neman aiki sakatariya. Na yi tari a hankici, na duba, na ga jini. Lokacin ban daɗe da gama digiri a fannin sinadaran jiki ba.

Kafin nan akwai zazzaɓin yamma da zufa da rama. A gida an ce shawara ce.

Hoton ƙirji da gwajin kaki suka ce tarin fuka. Aka ba ni gado a asibiti. Allura kullum, ƙwayoyi kafin karin kumallo, fitsari ya koma ja saboda maganin. Albashin Baba bai isa ba, Mama ta sayar da keken ɗinkinta.

Sai 'yan dubiya. Kun san yadda muke: wanda ya rame jini ne ba shi da shi, kuma maganin rashin jini malt ne da madarar gwangwani. Abokan aikin Baba sun kawo, maƙwabta sun kawo. Gwaggo Asabe, yayar Baba, kullum sai ta taso daga Rigasa. Ta haɗa a kofin silba, ta ƙara garin gulukos, ta tsaya a kaina sai na shanye.

Ƙishirwa ta hana ni sakat. Fitsari ba ƙaƙƙautawa. Wata safiya na ga kiyashi sun yi layi a bakin fon da nake fitsari a ciki.

Ga abin da na sani daga makaranta. Ƙwayar tarin fuka cikin ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta take zama. Su ne suke haɗiye ta don su kashe ta, ita kuma ta yi gida a cikinsu. Ƙwayar jinin da ta shiga wannan yaƙi takan canza yadda take ƙona sukari. Idan kuma sukari ya yi wa jini yawa, ƙarfin yaƙinta raguwa yake yi.

Na ce, "Gwaggo, ina jin sukari ya yi mini yawa."

Ta ce, "Dube ki kamar tsinken tsire. Ciwon sukari ai na masu tumbi ne irin ubanki. Shanye ki ba ni kofina."

Baba ya ce, "Bilkisu, ba a mayar da hannun Gwaggonki. Ajiye karatun nan sai kin warke."

Na gaya wa likita lokacin zagaye. Bai ɗago daga fayil ba. Ya ce, "'Yar jami'a, ke ce likitar ko mu?"

Na ci gaba da sha. Watanni suka wuce, kakina bai daina nuna cutar ba. Sabon hoto ya nuna ramin da ke huhuna na hagu ya ƙaru. Matar da ke gadon kusa da ni ta rasu, na fara lissafin ni ce ta gaba.

Ranar da Gwaggo ta sake miƙo kofin, na ɗora tafin hannuna a bakinsa, gaban baƙi. Na ce da nas ba zan karɓi allura ba sai an auna sukarin jinina.

Aka auna. Ya hau sosai.

Likitan nan dai ya dubi sakamakon ya ce, "Me ya sa ba a gaya mana tun wuri ba?"

Aka fara mini allurar insulin, aka kwashe gwangwanaye. A hankali kaki ya wanke, na gama magani, na warke. Amma rabin huhun nan ya zama tabo, ba ya aiki har yau.

Gwaggo ba ta sake zuwa asibiti ba. Ta aiko wa Mama cewa tunda an ce ita ta so kashe ni, ta bar musu 'yarsu.

Na gode wa Allah da ya bar ni da rai. Na gode wa Mama, da nas ɗin da ta je ta kira mai ɗibar jini ba tare da gardama ba.

Idan an ce kuna da tarin fuka, ku nemi a auna sukarinku, ko kun rame kamar me. Kada ku yanke magani. Idan za ku dubiya, ku tambayi abin da aka yarda majinyaci ya sha, in ya ce a'a ku ƙyale shi.

Akwai abubuwan da har yau ban sani ba, kuma ba zan faɗi abin da ban tabbatar ba.

Ban san ko ciwon sukarin ne ya buɗe wa tarin ƙofa, ko tarin ne ya tayar da sukarin ba.

Ban san ko huhun zai tsira da an auna ni ranar da na fara magana ba.

Gwaggo ta rasu muna gaisawa sama-sama. Ban san ko ta yafe mini hannun da na ɗora a kan kofinta ba. Ban san ko ni na yafe mata ba.